SAURI KO NAGARTA: GARDAMAR MASU RUBUTA MANHAJA DA IYAYEN GIDANSU

Wata gardama ta kaure a cikin 'yan shekarun nan tsakanin masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta da masu kamfanonin da su ke yi wa aiki, tun daga Amurka inda abin ya samo asali har zuwa unguwar Yaba ta Legas. Masu kamfani suna cewa tun da an sami injin da ke rubuta manhaja kafin ƙiftawar ido, ba su ga dalilin da zai sa aikin da a da a ke yi cikin wata guda ya wuce mako ɗaya ba. Su kuwa gwanayen sana'ar cewa su ke yi rubutun wani yanki ne kawai na aikin, domin akwai dubawa, akwai gwaji, akwai kuma wanda zai tsaya ya amsa tambaya ran da abu ya lalace.

Mai karatu da ke sayar da albasa a Mile 12, ko shanu a Agege, ko goro a Shagamu, ko kuwa ya ke canji a Sabon Badun, yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, ruwansa na ciki tsundum. Duk sa'ad da ya aika da kuɗi gida ta waya, ko ya zura katin mai ciniki cikin injin POS, manhaja ce ke ɗaukar kuɗin ta kai su inda aka nufa. In an rubuta ta da kyau, kuɗi su isa. In kuwa aikin ganin-ido aka yi mata, kuɗi su maƙale a hanya, a bar shi da mai ciniki suna ta cacar baki. Wanda ya ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da jama'a suka yi ca a kan manhajojin bankuna har suka riƙa gazawa, ba ya bukatar dogon bayani.

YADDA INJIN KE AIKI

Manhaja dai jerin umarni ce da a ke rubuta wa kwamfuta layi bayan layi, da wasu harsuna na musamman irin su Python da Java. Manhajar babban banki tana iya ƙunsar miliyoyin layuka, kuma kuskure a layi guda ya isa ya sa a ciri kuɗin mutum sau biyu, ko ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Shekaru da dama mutane ne ke zama su rubuta waɗannan layuka da hannunsu, sa'an nan wani abokin aiki ya karanta ya gyara kafin a yi amfani da su.

A watan Yuni na 2021 kamfanin GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, ya fito da wani mataimaki mai suna Copilot don gwaji, bayan shekara guda kuma ya sa shi a kasuwa. A ƙarshen Nuwamba 2022 ChatGPT ya fito, wasu kuma irin su Claude da Cursor suka shigo fagen. Dukansu suna aiki da abin da a ke kira ƙirƙirarriyar basira. An ciyar da su da ɗimbin rubuce-rubucen da mutane suka yi a baya, har suka iya cankar abin da ya fi dacewa ya biyo bayan abin da aka riga aka rubuta. Mutum zai gaya wa injin abin da ya ke so da magana irin ta yau da kullum, shi kuwa ya zubo masa layuka ɗaruruwa.

Sau da yawa abin da ya zubo daidai ne. Amma injin bai san bankin ba, bai san masu ajiya ba, bai kuma san dalilin da ya sa wani ma'aikaci ya rubuta wani layi shekara 10 da suka wuce ba. Saboda haka wani lokaci yakan kawo rubutu mai kyawun gani wanda ke ɗauke da ɓaraka a ciki, har ma yakan ƙago sunan kayan aikin da babu su ko kaɗan, ya ce a yi amfani da su.

HUJJAR MASU KAMFANI

Ba da ka masu kamfani ke magana ba. A 2022 GitHub ya tara marubuta manhaja 95 ya raba su gida biyu, ya ba su aiki iri ɗaya. Waɗanda suka yi da Copilot sun gama cikin awa 1 da minti 11 a tsakaici, waɗanda suka yi da hannu kuwa sai da suka ci awa 2 da minti 41. Watau an sami ragin lokaci na kashi 55 cikin 100. A watan Oktoba 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya shaida wa masu hannun jari cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sababbin layukan kamfanin inji ne ke rubuta su, kana injiniyoyi su duba su karɓa. A watan Afrilu 2025 shugaban Microsoft, Satya Nadella, ya ce a nasu kamfanin abin ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Bayan haka akwai zafin kasuwa. Ƙaramin kamfani da ya karɓi kuɗin masu zuba jari yana da 'yan watanni ne kafin kuɗin su ƙare, in abokin takara ya riga shi fitowa da kaya, masu ciniki sun tafi ke nan. Kamfanin Facebook ya daɗe yana aiki da wani take mai ma'anar a yi sauri ko da za a yi ɓari, kuma ƙananan kamfanoni da yawa sun ɗauki wannan ɗabi'a. A Legas ma, inda aka kafa kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack, wanda Stripe na Amurka ya saya a 2020 kan kuɗi fiye da dala miliyan 200, tseren bai bambanta ba. Mai kamfani yakan ce kyakkyawan aikin da bai isa kasuwa ba ba ya biyan albashin kowa, kuma ba ƙarya ya yi ba.

A watan Fabrairu 2025 wani masani mai suna Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana wata sabuwar hanya da ya ke bi, watau ya faɗa wa injin abin da ya ke so, ya karɓi duk abin da ya bayar ba tare da ya karanta ba, in wani abu ya ƙi aiki ya mayar masa ya ce ya gyara. Ya faɗa a fili cewa wannan ya dace ne da ƙananan ayyukan wasa na ƙarshen mako. Amma labarin ya bazu ya bar gargaɗin a baya, har waɗansu suka ɗauka haka za a riƙa gina manhajar da za ta riƙe dukiyar mutane.

HUJJAR GWANAYE

Su ma gwanaye suna da tasu shaida. Tun a 2021 masu bincike na Jami'ar New York suka sa Copilot ya rubuta manhajoji 1,689 a fannonin da tsaro ke da muhimmanci, suka tarar kimanin kashi 40 cikin 100 suna da kafar da ɓarawo zai iya bi. A 2022 wani bincike na Jami'ar Stanford ya gano abin da ya fi wannan tayar da hankali: waɗanda suka yi aiki da taimakon inji sun fi rubuta manhaja mai rauni, amma kuma su ne suka fi sakankancewa cewa aikinsu ba shi da aibi.

Ko saurin kansa an yi masa tambaya. A watan Yuli 2025 wata ƙungiyar bincike mai suna METR ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa ƙwararru 16 a kan ayyuka 246, a cikin manyan manhajojin da suka daɗe suna kula da su. Kafin su fara sun zaci injin zai rage musu lokaci da kashi 24 cikin 100. Bayan sun gama suka ce sun ji ya rage musu kashi 20. Da aka duba agogo sai aka ga lokacin ƙaruwa ya yi da kashi 19. Lokacin ya tafi ne wajen yi wa injin bayani, da jiran amsarsa, da karanta abin da ya kawo, da gyara shi. Masu binciken sun ja kunne cewa sakamakon ya shafi injunan farkon 2025 ne, kuma an sami sababbi da suka fi su tun daga lokacin. Duk da haka darasin na nan: jin cewa ana sauri daban, saurin kansa daban.

Har wa yau, a ƙidayar ra'ayi da Stack Overflow ya yi a 2025 tsakanin marubuta manhaja fiye da 49,000, kashi 84 cikin 100 sun ce suna aiki da injin ko suna da niyya, amma kashi 46 sun ce ba su amince da daidaiton abin da ya ke bayarwa ba. Babban kukansu, wanda kashi 66 suka ambata, shi ne amsar da ta yi kusa da daidai amma ba ta kai ba. Kowane tela ya san cewa rigar da aka yanka ta kusa daidai ta fi wadda aka ɓata gaba ɗaya cin rai, domin ba a ganin aibinta sai mai ita ya sa.

A cikin watan Yulin 2025 ɗin nan ne kuma wani ɗan kasuwa na Amurka, Jason Lemkin, ya ba da labarin yadda injin kamfanin Replit ya share masa rumbun bayanai mai ɗauke da sunayen shugabannin kamfanoni fiye da 1,200, alhali ya umarce shi kada ya taɓa kome. Injin ya ce masa ba za a iya maido da su ba, amma daga baya aka maido. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya ce abin bai kamata ya faru ba, kamfanin kuma ya shiga raba wurin gwaji da wurin da ainihin bayanai su ke. Wannan rabewa kuwa tana cikin abubuwan farko da a ke koya wa almajirin sana'ar.

BASHIN DA BA YA CIKIN LITTAFI

A 1992 wani gwani ɗan Amurka, Ward Cunningham, ya kwatanta aikin gaggawa a cikin manhaja da cin bashi. Ya nuna cewa ba laifi ba ne a ci ɗan bashi don a isa kasuwa da wuri, muddin za a komo a biya, watau a gyara abin da aka tsallake. In ba a biya ba, ruwa ya yi ta hawa, kowane sabon aiki ya ƙara wuya, har ranar da kamfani zai ga dukan ma'aikatansa sun koma masu faci. Tsoron gwanaye a yau shi ne injin ya sauƙaƙa cin wannan bashi ƙwarai, domin ana iya tara layuka dubbai a yini guda waɗanda babu mahaluƙin da ya karanta su, balle ya san yadda su ke aiki.

Mazauna Legas sun san irin wannan a wajen gini. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ran 1 ga Nuwamba 2021, ya hallaka mutane fiye da 40, tsaye ya ke gwanin sha'awa har safiyar ranar. Ita manhaja ba a ganin tsagewar bangonta ko kaɗan, sai dai a ji faɗuwarta.

Tun kafin zuwan waɗannan injuna an ga abin da manhaja marar nagarta ke jawowa. Ran 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan gyara mai kuskure ga masu cinikinsa a lokaci guda, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cik, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗu. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin zai riƙa tura gyara kashi-kashi.

Amma labarin da ya fi kusa da mai shagon POS shi ne na gidan waya na Birtaniya. A 1999 aka sa wa ƙananan rassan gidan waya wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Masu riƙe da rassan nan ƙananan 'yan kasuwa ne, yawancinsu masu kanti a unguwa. Manhajar ta riƙa nuna gibin kuɗin da babu shi, hukuma kuwa ta gaskata inji ta ƙaryata mutum. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900, waɗansu an ɗaure su, waɗansu sun sayar da gidajensu don su cike gibin, waɗansu sun mutu kafin a wanke su. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun kai ƙara a ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar cike ta ke da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukuncin da aka yi musu. Kwamitin bincike ya ji shaida cewa an san tana da matsaloli tun kafin a baza ta. Mutane ne suka rubuta Horizon, babu ruwan ƙirƙirarriyar basira a ciki. Abin da gwanaye ke tambaya shi ne, in har wannan ya faru da rubutun da mutane suka yi da hannunsu, wa zai tsaya gaban alƙali ya yi bayanin rubutun da ba wanda ya karanta?

WA ZAI GAJI SANA'AR?

Akwai wata damuwa kuma wadda ta shafi iyaye. Ba a haifar gwani, da ƙananan ayyuka a ke koyo. Yaron tela yakan fara da sa maɓalli da kalmasa, kafin a ba shi almakashi. Haka sabon marubucin manhaja ya ke farawa da ƙananan gyare-gyare, babba na duba masa yana yi masa faɗa, har idonsa ya buɗe. To, waɗannan ƙananan ayyuka su ne injin ya fi iyawa, su ne kuma masu kamfani suka fara miƙa masa.

A watan Agusta 2025 Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka duba takardun albashi na Amurka, suka ga yawan marubuta manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 da ke bakin aiki ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 daga ƙarshen 2022, alhali na manya bai ragu ba. Masana na jayayya a kan ko injin ne kaɗai sanadi, amma tambayar na nan tsaye: in ba a ɗauki almajiri yau ba, ina za a sami malamin da zai duba aikin inji nan da shekara 10?

Zancen ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin a 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin koya wa mutum miliyan 3 sana'o'in fasaha, rubuta manhaja na cikinsu. 'Ya'yan 'yan Arewa mazauna Kudu da ke sha'awar wannan hanya za su shiga kasuwar da iya rubutu kaɗai ya yi araha. Wanda zai yi daraja shi ne wanda ya san tushen abin, har zai iya duban rubutun inji ya ce nan ga kuskure, ga kuma dalili.

INDA AKA FARA HAƊUWA

Wani rahoto na shekara-shekara da Google ke fitarwa mai suna DORA ya nuna inda gaskiyar kowane ɓangare ta ke. Na 2024 ya ƙiyasta cewa duk sa'ad da amfani da injin ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, ɗorewar aikin da a ke fitarwa takan ragu da kashi 7.2. Na 2025 kuwa ya tarar saurin fitar da aiki ya ƙaru, amma yawan lalacewa bayan fitarwa bai daina ba. Masu rahoton suka ce injin yana bunƙasa abin da ya tarar ne: kamfanin da ke da tsari mai kyau ya ƙara kyau, wanda ke cikin hargitsi ya ƙara hargitsewa.

Tsarin da a ke nufi ba sabo ba ne. A riƙa yin aiki kaɗan-kaɗan yadda mutum zai iya karantawa. Kada layi ya shiga manhaja sai wani ya duba ya sa hannu. A yi gwaji kafin fitarwa, a fara da mutane kaɗan, a tanadi hanyar komawa baya in abu ya ɓaci. A bambanta aikin da kuskurensa ba ya cutar da kowa, kamar shafin talla, da wanda ya shafi kuɗi ko lafiya ko sirrin mutane. A na farko a bar inji ya yi gudunsa, a na biyu a sa masa linzami. Ko Facebook ma a 2014 ya sake takensa, ya koma cewa a yi sauri amma a kan tushe mai ƙarfi. Keken ɗinki da ya zo bai kashe gwanin tela ba, kuma bai mai da wanda bai iya yanka ba gwani.

Ga ɗan kasuwar da ya ke so a rubuta masa manhajar lissafin shago ko ta ƙungiyar adashi, yanzu zai sami masu yi masa da araha cikin kwana biyu. Kafin ya biya ya kamata ya tambaya: wa ya karanta abin da injin ya rubuta, ina a ke ajiye bayanan masu ciniki, in sun ɓace yaya za a maido su, wa kuma za a kira bayan wata shida in ta tsaya? Wanda ya kasa amsa waɗannan bai gama aiki ba tukuna, ko da manhajar tana buɗewa a waya.

Mai POS da mai aika kuɗi kuma kada su yar da rasit, su riƙa rubuta cinikin yini a littafi kamar yadda aka saba tun da. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su warware cinikin POS da ya maƙale cikin awa 72, amma mai ƙara sai da shaida a hannu. Mutanen gidan waya na Birtaniya da yawa sun rasa abin da za su nuna wa kotu in ban da lissafin injin da ya zarge su. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a wannan harka wanda ya yi saurin ba kasafai ya ke zama wanda ya biya kuɗin nawar ba.